Daga keji zuwa gida: jagorar karɓar karen da aka ceto daga gonar kwiyakwiyai

Ranar da na fara zuwa ganin karyar da ke gidanmu yanzu, wutsiyarta kaɗai na gani. Ta cusa kanta tsakanin injin wanki da bango a gidan matar da ke riƙonta, a wani ƙaramin gari na jihar Ohayo ta Amurka. Likita ya ƙiyasta shekarunta shida, kuma duk a kejin waya ta yi su, tana haihuwa ana kwashe 'ya'yan ana kaiwa kasuwa. Na durƙusa na miƙa hannu kamar yadda kowa zai yi, sai mariƙiyar ta ce in janye hannuna, in zauna a ƙasa in ba ta gefen jikina, in yi kamar ban san da ita a ɗakin ba. Mun fi minti arba'in muna hira kafin na ji sanyin hanci a bayan gwiwar hannuna. Ina juyowa ta koma maɓoyarta.

Tun daga ranar na gane abin da dukan jagorar nan ta rataya a kansa. Duk abin da zuciya ke raya wa mutum ya yi don nuna ƙauna, runguma da shafa da kallon ido cikin ido, shi ne abin da irin wannan kare yake tsoro. Shi zai zo, amma sai an bar shi ya zo da ƙafarsa.

Ka fara sanin inda ya fito

Abin da Amurkawa ke kira puppy mill, Turawan Ingila kuma suke kira gonar kwikwiyo, wuri ne da ake tara karnuka da yawa don haihuwa kawai, ana sayar da 'ya'yan ga kantunan dabbobi ko ta intanet. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi na ƙiyasta akwai kusan 10,000 a Amurka, kuma jihohin da sunansu ya fi fitowa su ne Misuri da Ayowa da Ohayo da Fensilbaniya. Da yawansu ma suna da lasisi. Ƙa'idar da ma'aikatar noma ta Amurka ke aiki da ita a ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi ta 1966 ta ce a auna tsawon kare, a ƙara inci shida, wannan shi ne mafi ƙarancin tsawo da faɗin kejinsa. Wato karen da tsawonsa inci 20 ne ana iya ajiye shi a kejin da bai wuce inci 26 ba ta kowane gefe, kusan santimita 66, kuma ba a karya doka ba.

Abubuwa na sauyawa a hankali. Kalifoniya ta hana kantuna sayar da irin waɗannan kwiyakwiyai daga Janairun 2019, jihar Niyu Yok ta bi sahu a Disambar 2024, Ingila kuma ta fara aiki da dokar Lucy mai hana kantuna da dillalai sayar da kwiyakwiyai ranar 6 ga Afrilun 2020, wadda aka raɗa wa sunan wata karya da aka ceto daga gonar kwikwiyo a Wels. To amma iyayen da suka gama haihuwa, ko waɗanda aka ƙwace in hukuma ta rufe gona, su ne ke faɗawa hannun ƙungiyoyin ceto, su kuma su raba su ga masu riƙo a gidajensu.

A 2011 Franklin McMillan da Deborah Duffy da James Serpell sun wallafa bincike kan karnuka 1,169 da suka fito daga irin waɗannan gonaki. Sun same su sun fi karnukan gida tsoro nesa ba kusa ba, sun fi su yin bahaya a ɗaki, sun fi wuyar horo, amma ba su kai su faɗa ba. Kuma a matsakaici sun riga sun yi kusan shekara biyu a sababbin gidajensu kafin a yi binciken. Ka riƙe wannan lissafi a ranka.

Mataki na 1: ka auna gidanka tun kafin ka kalli hotuna

In gidan haya kake, ka samu izinin mai gida a rubuce, domin ƙungiyoyi da yawa sukan kira shi su tabbatar. Ka duba aljihunka: kuɗin karɓa yakan kai ɗaruruwan daloli, amma aikin haƙori ko magani na shekarar farko zai iya ninka shi. Ka duba lokacinka: makonnin farko suna son mutum a gida.

Sai abin da ya shafe mu musamman. Gidajenmu na jama'a ne, ko a Kano ko a birnin Kolombos na Ohayo. Baƙi ba sa yankewa, yara na shige da fice, ranar Sallah ko suna ƙofa a buɗe take wuni guda. Wannan alheri ne, amma ga karen da motsin cokali ke firgita shi, tashin hankali ne. In ba ka da ɗaki ko lungu guda da za a rufe masa, wanda ba mai shiga, to ba lokacinsa ba ne.

Ga Musulmi akwai batun addini, kuma gara a warware shi tun farko da a ɗauko dabba a mayar bayan wata guda. Hadisin mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne, haka ma hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare na raguwa in ba na farauta ko kiwo ko gadin gona ba ne. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wasu mazhabobin kuma sun saɓa. Ka je wa malaminka da gaskiyar magana, domin wannan kare ba zai yi maka gadi ba, in ɓarawo ya shigo shi zai fara ɓuya. Ka kuma ji ta bakin matarka ko mijinki da sauran mutanen gida. Mu dai ɗakin da muke salla a rufe yake, kuma kwanoninta daban suke.

Mataki na 2: ka nemi ƙungiyar gaskiya

Shafukan Petfinder da Adopt-a-Pet suna jera karnukan ƙungiyoyi dubbai. Akwai kuma waɗanda aikinsu ke nan kacokan, irin National Mill Dog Rescue ta jihar Kolorado, wadda Theresa Strader ta kafa a 2007 bayan ta sayo wata karya mai suna Lily a gwanjon karnuka a Misuri, ta same ta haɓarta ta ƙasa ta riga ta ruɓe saboda rashin kula da haƙori.

Ƙungiyar kirki za ta gajiyar da kai da tambayoyi: takardar nema, sunan likitan dabbobi, mutanen da za su tsaya maka, wani lokaci har ziyarar gida. Kada ka ji haushi, alama ce mai kyau. Za ta ba ka takardun asibitin karen, kuma a yarjejeniyarta za ka ga sharaɗin cewa in abin ya gagara, ita za ka mayar wa. Wanda kuwa kullum yake da jariran kwiyakwiyai masu tsada, ya ce ka turo kuɗi ku haɗu a wurin ajiye motoci, bai tambaye ka komai ba, dillali ne ya ari rigar masu ceto. Ka tambaya ko suna da tsarin riƙon gwaji, inda za ka zauna da karen mako biyu ko fiye kafin a sa hannu.

Mataki na 3: ka zauna da mariƙiyar, ka tatse ta

A nan nake son ka fi daɗewa. Mu mun san riƙo, mun san uwar riƙo kan san halin yaro fiye da wanda ya zo ɗaukarsa. Mariƙiyar ta ga karen da tsakar dare, ta ga ranar da ya fara cin abinci, ta san abin da ke sa shi karkarwa. Abin da ke kanta ya fi duk takardun da za a ba ka. Ka tafi da littafi da biro.

Ka tambaye ta wane abinci yake ci, da ƙarfe nawa, a wane irin kwano, kuma yana ci in ana kallonsa ko sai an fita. Tamu ba ta cin komai a kwanon ƙarfe, saboda ƙarar da yake yi in ya bugi ƙasa, sai a faranti mai faɗi. Da ba a gaya mini ba, da na ɗauka ciwo ne. Ka tambaya ina yake kwana, ina yake gudu in ya tsorata, wa ya fi tsoro, maza ko mata ko yara, domin da yawansu sun fi tsoron maza masu babbar murya. Ya iya hawa matakala? Ya taɓa tafiya da igiya? Yana yarda a ɗauke shi, kuma ta yaya ake ɗaukarsa? Ya taɓa cizo ko gurnani, a wane hali? Ya taɓa yunƙurin gudu? Wace kalma take faɗa in za ta fitar da shi fitsari? Ka riƙe kalmar yadda take, ka riƙe sunan da take kiransa ko da bai yi maka daɗin ji ba. Sauyin da ke gabansa ya ishe shi.

Tambaya mafi nauyi ita ce yadda yake da sauran karnuka. Wanda ya tashi cikin karnuka bai san mutum ba, sai ya riƙa kwaikwayon ɗan'uwansa: ya ga ya sha ruwa a nan, shi ma ya sha, ya ga ya je wurin mutum bai mutu ba, shi ma ya matso. Shi ya sa wasu ƙungiyoyin ba sa ba da irin wannan kare sai ga gidan da ke da wani kare mai natsuwa. In mariƙiyar ta ce naka ba zai iya zama shi kaɗai ba, ka yarda da ita.

Ka ziyarta sau biyu ko uku in da hali. Ka bar masa tsohuwar rigarka da ka sa ba ka wanke ba, ka kuma roƙi bargon da yake kwana a kai ranar tafiya.

Mataki na 4: ka toshe hanyar gudu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban haɗarin makonnin farko shi ne ɓacewa. Karen da ya firgita ba ya jin kira, bai san mota ba, bai san gidanka gida ne ba. Ka zagaya shingen bayan gida a tsugune, ka toshe duk ramin da kansa zai shiga. Ka sa ƙaramar ƙofar tare yara kafin ƙofar waje, ta yadda kullum shamaki biyu ne tsakaninsa da titi.

Ka sayi ɗamarar ƙirji da ta zauna masa daidai, da abin wuya irin mai tsukewa kaɗan in ya ja baya, da igiya biyu, ɗaya a ɗamarar ɗaya a wuya. Ka guji igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba: in ta suɓuce daga hannu, akwatin na bin sa yana ƙara, shi kuma yana ƙara gudu. Ka rataya masa lambar wayarka. Ka tabbatar an mayar da rajistar ƙwayar shaidar da ke ƙarƙashin fatarsa zuwa sunanka, domin ƙwayar lamba ce kawai take ɗauke da ita, ba ta nuna inda yake. Mai son bibiyar sawu sai ya ƙara na'urar GPS.

A ciki, ka ware lungu mai shiru, ka sa shimfiɗa da ruwa da keji buɗaɗɗe da aka lulluɓe da zane. Wasu keji ne kaɗai wurin da suke samun natsuwa, wasu ko ganinsa ba sa so, mariƙiyar za ta gaya maka. Ka shimfiɗa darduma a kan tayil ko katako mai santsi, domin ƙafar da ta saba da waya ba ta san santsi ba.

Ka kuma duba kicin. Albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, wato miyarmu da tsire da kilishi mai yaji duk sun fita. Haka inabi da zabibi da cakulan da cingam mai sinadarin zailitol da dafaffen ƙashi. Goro ma a ɗauke shi daga kan tebur, sinadaran da ke cikinsa dangin na cakulan da kofi ne.

Mataki na 5: ranar ɗauko shi

Ku je ku biyu, ba yara. A sa shi a keji tun cikin gidan mariƙiyar, a ɗauki kejin zuwa mota, kada a buɗe sai an shiga gidanka an rufe ƙofa. Ba tsayawa a kanti, ba kiran maƙwabta su zo gani. Ka ajiye kejin a lungunsa, ka buɗe, ka fita.

Mataki na 6: makonnin farko

Masu ceto na da wani lissafi da suke cewa kwana uku, mako uku, wata uku: na hucewa, na gane tsarin gida, na sakin jiki. Ga karen gona ka ninka shi, har ka sake ninkawa.

Kwanakin farko zai iya ƙin ci, ya riƙe fitsari, ya daskare wuri guda kamar gunki. Ka ajiye abincin da ya saba ka ba shi wuri, da yawa sai dare ya tsala suke ci. In ya kai kwana biyu bai ci ba, ko ya wuni bai sha ruwa ba, ko ga amai da zawo, ka kira likita. Sauya abinci kuwa a hankali ake yi, ana gaurayawa tsawon mako guda ko fiye.

Aikinka shi ne ka zama abin da ba ya ba da mamaki. Abinci lokaci guda, fita lokaci guda, murya ƙasa-ƙasa. Ka riƙa zama a ƙasa nesa da shi, gefenka gare shi, kana karatu ko duba waya. Ka jefa ɗan guntun dafaffiyar kaza marar gishiri can bayansa, yadda zai ci ba tare da ya matso ka ba. Mutane sukan riƙe naman a hannu don su jawo shi, sai yunwa ta kawo shi inda tsoro bai yarda ba, ya fizga ya gudu, bai koyi komai ba.

Ka koyi karanta jikinsa. Lasar baki, hamma ba barci, haki ba zafi, kawar da kai har farin ido ya bayyana, cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, duk yana cewa ka ja baya. Wanda ya daskare ya bari kana shafa shi ba daɗi yake ji ba, ya sallama ne. Gurnani kuwa gargaɗi ne, in ka hukunta shi a kansa, ka koya masa ya yi cizo ba sanarwa. Ranar da ya matso da kansa, ka taɓa ƙirjinsa ko ƙarƙashin haɓa daƙiƙa uku, ka ɗauke hannu, ka gani ko zai nemi ƙari. Kada hannunka ya biyo ta saman kai, da yawansu ta ƙeya aka riƙa cafko su. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In dole sai ka ɗauke shi, ka riƙa faɗin kalma guda kullum kafin ka ɗaga, don ya san abin da ke tafe.

Ka zaunar da yara ka faɗa musu ƙa'ida: ba a bin sa, ba a shiga lungunsa, ba a taɓa shi yana ci ko barci. Baƙi kuma su jira mako biyu ko uku.

Mataki na 7: fitsari da kashi

Kare ya saba ƙyamar ɓata makwancinsa, amma wanda ya rayu a keji ba a bar masa zaɓi ba, don haka daga farko za a fara, kamar jariri. Ka fitar da shi da igiya kowane awa biyu ko uku, da bayan ci, da bayan barci, wuri guda kullum, ko da bayan gidan a killace yake. Ya yi, ka ba shi ɗan nama nan take, cikin murya mai taushi. Ya yi a ɗaki, ka share ba tsawa. Ka yi amfani da ruwan wanki na musamman mai cinye warin fitsari da ake sayarwa a kantin dabbobi, ka guji mai amoniya, domin warinsa kamar na fitsari ne, zai sake jawo shi wurin. Ga namiji akwai ƙyallen da ake ɗaura masa a ciki kafin ya koya. Wata huɗu muka yi kafin in naɗe ledar da na shimfiɗa a falo.

Mataki na 8: likita

Cikin mako biyun farko ka kai shi, da takardunsa, ka gaya musu tarihinsa tun a waya don su ba ka lokacin da ba cunkoso. A duba haƙora da kyau, nan ne ciwo ya fi ɓuya, kuma kare mai ciwon baki ba ya sakin jiki. Tamu an cire mata tara, bayan ta warke ne ta fara wasa. A duba kunne da ido da gwiwa da tafin ƙafa, a laluba nonon macen ko akwai ƙari. A gwada tsutsar ciki da tsutsar zuciya wadda sauro ke yaɗawa, ka kuma tambaya ko an yi gwajin cutar burusela ta karnuka, domin ana samunta a wuraren kiwo kuma tana iya kama mutum. Ka tabbatar da allurar haukan kare, wadda doka ce a yawancin jihohi, da ko an yi fiɗiya ko cire mahaifa.

In bayan makonni tsoron ya hana shi ci ko barci, ko yana ta kewaya wuri guda ba tsayawa, ka yi wa likita maganar maganin rage fargaba. Irin fuluwoksetin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Mai horon da ya zo da abin wuya mai lantarki ko mai ƙaya, ka sallame shi.

Mataki na 9: fita waje, da abin yi in ya kuɓuce

Ya fara jan igiya a ɗaki kana gani, sai bayan gida, sai bakin titi da asuba lokacin da ba kowa. Minti biyar ya isa. Daren wasan wuta, 4 ga Yuli a Amurka ko 5 ga Nuwamba a Ingila, ka fitar da shi tun da rana, ka rufe tagogi, ka kunna rediyo.

In ya kuɓuce, kada ka bi shi da gudu, kada ka tara jama'a ana ƙwala kira, hakan ƙara nisanta shi yake. Ka kira mariƙiyar da ƙungiyar nan take, ka sanar da kamfanin ƙwayar shaidar da gidajen ajiye dabbobi na yankin. Ka ajiye bargonsa da abinci mai ƙamshi a inda ya ɓace, ka manna hotonsa da rubutun kada a bi shi. Da yawa ta hanyar kejin tarko mai abinci ake kamo su. In ka hango shi, ka zauna a ƙasa, ka kawar da kai.

Bayan watanni

Ka riƙa rubuta ƙananan abubuwa da kwanan wata, domin ido ba ya ganin cigaban da ke tafiya kamar hawainiya. Za a yi koma-baya, baƙo guda ko tukunyar da ta faɗi na iya mayar da shi lungu kwana uku. Wasu kan zama karnukan gida sosai, wasu har ƙarshen rayuwarsu mutum ɗaya suke yarda da shi. In ka ga gidanka ya fi ƙarfinsa, ka kira ƙungiyar ka faɗi gaskiya, kada ka ba wani shi a ɓoye.

A littafina, ranar 9 ta ci abinci ina ɗakin. Ranar 40 ta sauko matakala uku ta koma. A wata na bakwai, na dawo daga aiki ina cire takalmi, sai na ji wani ɗan bugu a jikin ƙofar taren yara, na ɗaga kai na ga wutsiyarta ce take kaɗawa. Na ɗauki hoton na aika wa mariƙiyar, ta kira ni kafin in ajiye wayar.